Buhu Ɗaya, Bulo Talatin

Ƙarfe shida na safe yake isa filin buga bulo. Ba siminti yake fara taɓawa ba. Bokiti biyu yake ɗauka, ya cika su a bakin tanki, ya bi layin bulon da aka buga jiya da shekaranjiya yana ba su ruwa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shayar da dabbobi. Idan ya gama sai ya cire hula, ya tsaya a bakin rumfar kwano ya yi addu'a. Addu'ar ba ta da tsawo, na sha jin ta. Ya gode wa Ubangiji da ya tashe shi, ya roƙa wa waɗanda za su kwana a ƙarƙashin aikin hannunsa tsari, ya rufe da sunan Yesu, ya ɗauki shebur. Haka ya yi shekara arba'in da ɗaya, har 'yan watannin baya da ya ajiye aiki.

Mai Bulo ake ce masa. Ni magini ne, kuma fiye da rabin katangun da na ɗora a rayuwata da bulonsa na ɗora su. Ba ni da halin yabon mutane. Na binne abokai da yawa ban ce komai a kansu ba. Karatuna bai wuce aji uku ba, hannuna ya fi sabawa da cokalin gini a kan alƙalami. Amma na ga yadda mutumin nan ya bar aiki shiru kamar leburan da aka sallama da yamma, na ce a'a, sai an rubuta.

Ga awonsa: buhun siminti ɗaya, bulo talatin. Wanda ba ya sana'ar ba zai ga abin magana a nan ba. To, a sauran filaye buhu ɗaya yana haifar arba'in da biyar, hamsin, wasu marasa tsoron Allah har sittin. Ido ba ya bambancewa. In an shafe da fulasta an yi fenti, ko ni sai na ƙwanƙwasa nake ganewa. Mai saye kuwa farashi kawai yake tambaya.

Bulonsa ba ya fita daga fili sai ya sha ruwa kwana bakwai, safe da yamma, har ranar Lahadi. Dattawan coci sun taɓa kiransa a kan haka, wai an gan shi da bokiti kafin sujada. Ya ce musu ba ya kwaɓi ranar Lahadi, ba ya ciniki, amma bulo bai san ranaku ba, ƙishi kawai ya sani. Ya tambaye su ko a cikinsu akwai mai barin akuyarsa da ƙishi har Litinin. Suka sallame shi.

A rana ta takwas yake gwaji. Zai ɗauki bulo ɗaya, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa, ya sake shi a kan ƙasa mai tauri. Bulon kirki yakan faɗi ya zauna, in ya yi tsanani ya rabu biyu. In ya tarwatse, duk bugun ranar ba na sayarwa ba ne, ramukan hanya za a cike da shi. Sau uku na ga haka da idona, lokacin da aka kawo masa simintin da ya sha iska. Bai yi rigima da kowa ba. Ya tura baro ya zubar.

Ni Mai Cokali yake ce mini. Kullum cewa yake katangata a karkace take, bulonsa ne yake rufa mini asiri. Ni kuma in ce nauyin bulonsa ne ya lanƙwasa mini baya, ranar da na kwanta shi zai kai ni asibiti a baronsa. Sai ya ce baron na yashi ne, ba ya ɗaukar tarkace.

Kada wani ya ɗauka mutumin nan yana ƙin dukiya. Idan wanda ya saya a wurinsa ya ɗora bene, har can yake zuwa ya taya shi murna. Yakan ce wadata ma daga Allah take, kuma mai ita yana da aikin da talaka ba zai iya ba. Abin da ba ya so shi ne abin da ba zai iya faɗa wa Ubangiji yadda ya same shi ba. Wata shekara wani ɗan kwangila ya zo da aikin ajujuwan makaranta, aikin da zai ci wata shida, amma da sharaɗin hamsin a buhu. Ina wurin. Mai Bulo ya ce ba zai iya ba. Ɗan kwangilar ya yi dariya ya ce, “Baba, talauci ne zai kashe ka.”

“Wani abu dai zai kashe ni,” in ji shi. “Gara shi, da katangar aji a kan 'ya'yan mutane.”

Aikin ya tafi wani fili. Mai wancan filin yau motarsa uku.

Mai Bulo, kai ne ka buga wa rabin unguwa ɗakin kwana, kai kuma kana gidan haya. Ɗaki da falo, a gida mai 'yan haya tara, famfo ɗaya, bayi ɗaya. A nan ka yi renon 'ya'ya biyar. Mai awo ɗaya da magana ɗaya, ban taɓa jin ka yi gunaguni a kan haka ba.

Amma yana da buri ɗaya, kuma a kansa labarin nan yake. Tun da ƙarfinsa ya sayi ɗan fili a bakin gari. Daga kowane bugu sai ya ware bulo biyu ko uku, ya jera a bayan rumfa, ya rufe da tsohon kwano. Shekara goma sha ɗaya yana tarawa, har suka isa ɗaki biyu da bayi. Matarsa, uwar babban ɗansa Dogo, takan kawo masa abinci da rana, ta zagaya bayan rumfa ta ɗaga kwanon ta leƙa. Ta riga ta zaɓi inda tagarta za ta kalla. Ta ce ba ta son komai a duniya sai ƙofar da za ta rufe ba wanda zai buga ya ce wata ya ƙare. Mun yi magana da shi cewa bana in ruwa ya ɗauke zan ja igiya in haƙa harsashi, su tare kafin damina, shi kuma ya miƙa wa Dogo filin aiki ya huta.

Sai kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Da farko shebur ne ya gagare shi, daga baya ko bulo ba ya iya ɗagawa ya wuce gwiwa. Idonsa ma ya fara hazo. Dogo ya karɓi kwaɓi da bugu, uban ya tsaya a ban ruwa da bokiti ɗaya a hannun hagu.

Zan faɗi gaskiya a kan Dogo, don a gabana ya girma. Ba mashayi ba ne, ba rago ba ne. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana tashi kafin ubansa. Sai dai ya gaji. Ya sha faɗa wa uban cewa duniya ta canja, mutane araha suke bi, filin yana mutuwa a hannunsu. Ya ce ya ji ana wa'azi cewa Allah ba ya son ɗansa ya zauna a wahala. Uban ya ce shi ma ya yarda Allah ba ya son haka, amma bai ga inda Allah ya ce a rage siminti ba. Nan maganar take tsayawa kullum.

Wata uku ana haka. Ranar gwaji Dogo ne yake ɗagawa ya saki, uban yana tsaye, bulo ya faɗi ya zauna lafiya.

Wata safiya ina karyawa sai ga shi a ƙofata. Bai zauna ba. Ya ce in zo in ɗaga masa bulo. A hanya ya gaya mini cewa kwana biyu yana jin yashi a ƙarƙashin takalminsa idan yana ban ruwa. Ruwan da yake gangarowa daga jikin bulon yana tafiya da yashi. Nasa ba ya haka.

Muka iske Dogo yana kwaɓi. Ya gaishe ni, ya ce, “Baba Mai Cokali, yau da sassafe?” Na ce ubanka ne ya hana ni shan shayi. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ajiye shebur da sauri, ya ɗauko bulo daga layin gaba ya miƙo mini. Ni kuwa na san magini ba ya karɓar bulon da aka miƙo masa. Na taka cikin layi, na je tsakiya, na ɗauko nawa. Tun a hannu na san amsar, don bai kai nauyin da bayana ya saba da shi ba. Na ɗaga daidai ƙirji na sake.

Ko ƙara bai yi ba. Ya zube kamar an juye kwanon yashi.

Ashe layin gaba kawai Dogo yake bugawa da awon uban, don ya san nan hannun tsoho yake kaiwa. Sauran duk hamsin ne.

Mai Bulo ya durƙusa, ya ɗebi garin da hannun hagu, ya murza. Sannan ya tambayi ɗansa tun yaushe. Dogo ya ce tun da ya karɓi shebur. Bai yi ƙarya ba, bai kuma sunkuyar da kai ba.

“Baba, shekara arba'in da ɗaya kana buga wa mutane gida, Mama tana layin famfo da yaran 'yan haya. Maganin kafaɗarka daga ina kake tsammani yake fitowa? Daga talatin?”

“Da ka bar ni da ciwon,” in ji uban.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce Dogo ya faɗa masa gidajen da aka kai wa bulo a wata ukun nan. Gida bakwai ne.

Da ƙafa ya bi su, ni ina biye, don idonsa ba ya ganin mota sai ta zo kusa. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi: bulon da aka kawo muku daga filina ba shi da kyau, laifina ne, zan canja. Bai ambaci sunan ɗansa ko sau ɗaya ba.

Wani mai shago ya ce a bar shi, ya riga ya shafe, ba wanda zai sani. Mai Bulo ya ce masa shi ya sani, kuma 'yan hayar da za su shiga ba su sani ba. Mai shagon ya ce to ya je ya sani a gidansa, ya rufe ƙofa. Wani malamin makaranta ya tsaya yana kallonsa kamar ya ga mahaukaci, daga baya ya kawo mana kujera da ruwa. Wani kuma ya karɓi sabon bulon da godiya har da hawaye, bayan mako ɗaya muka ji ya sayar da ruɓaɓɓun ga wani baƙo. Haka mutane suke. Ban yi mamaki ba.

Wadda ta fi tsaya mini ita ce wata gwauruwa mai wanki da guga. Ɗaki biyu take ginawa ita da 'ya'yanta, gini ya kai linta, saman ƙofa da taga. Da ta ji cewa sai an rushe, sai ta zauna a ƙasa. Ta ce, “Baba, ka bar ni da shi haka. Shekara shida ina wanki kafin in kai nan. Ba ni da ƙarfin farawa.” Ya ce ba ita za ta fara ba. Zai kawo bulo, zai kawo siminti daga abin da ya rage a rumfa, magini kuwa ga Mai Cokali nan ba shi da aikin yi sai surutu. Bai tambaye ni ba. Muka rushe da hannu, don katangar ba ta bukaci guduma ba. Da ta ga yadda take zubewa sai ta daina kuka, ta jawo ƙaramar 'yarta ta riƙe.

Daga ina bulon canji zai fito? Ba shi da kafaɗar bugawa, ba zai kuma sake yarda da hannun Dogo ba. Ya yaye tsohon kwanon da ke bayan rumfa.

Kwana tara ana kwasa. A rana ta uku uwar Dogo ta kawo abinci, ta zagaya baya kamar yadda ta saba, ta iske rabi babu. Ina nan zaune. Ta ajiye kwanon abinci a kan buhu a hankali, ta ce, “Ba ka tambaye ni ba.”

“Da na tambaye ki da kin ce a'a,” in ji shi. “Kuma da kina da gaskiya. Shi ya sa ban tambaya ba.”

Ta ce ita ba ta rage siminti ba, ba ta sayar wa kowa ba, to me ya sa ɗakinta ne zai biya. Ya ce abin da ya sani kawai shi ne ba zai iya kwanciya a ƙarƙashin bulon kirki ba alhali ya san matar mutane da 'ya'yanta suna ƙarƙashin yashi da sunansa a kai. Ta juya ta tafi. Ba ta sake zuwa filin ba. Ni ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba.

Kai ne ka kwashe shekara goma sha ɗaya a baro ka raba wa mutanen da rabinsu ba su gode ba. Kai ne ka share wurin da tsintsiya bayan an ɗauke na ƙarshe, ka jingine kwanon, ka ce mini, “To, Mai Cokali, ka huta da haƙan harsashi.” Na so in zage ka ranar.

Bai miƙa wa Dogo filin ba. Ya mayar wa mai ƙasar da wurinsa, ya ɗauki akwatin ƙarfen da yake buga bulo da shi ya tura ƙarƙashin gado. A coci aka sanar cewa ɗan'uwanmu ya ajiye aiki, aka tafa, aka ba shi agogon bango. Mai gidan da yake haya ya hana buga ƙusa a bango. Agogon yana cikin kwalinsa.

Dogo kuwa wani ɗan kwangila ya tsaya masa, ya buɗe nasa filin a bakin babbar hanya, da inji. Tifa tana shiga, tifa tana fita. Ya sa 'ya'yansa a makaranta mai kyau. Wata ranar Lahadi ya tashi ya ba da shaida cewa Allah ya buɗe masa ƙofa, jama'a suka ce amin. Uban yana zaune a bencin baya, hularsa a gwiwa.

Makon jiya Dogo ya zo gidan. Na je gaida tsohon ne na iske shi. Ya durƙusa ya gaida iyayensa yadda ya kamata, sannan ya ce ya zo da magana. Zai gina musu ɗaki biyun nan a filinsu, har da rufi da ƙofa. Kuma ya san halin ubansa, don haka zai tsaya da kansa a buga bulon daban, talatin a buhu, a ba shi ruwa kwana bakwai, Baba Mai Cokali ya zo ya gwada duk wanda ya ga dama. Na kalli uwar. Ta daina tsintar abin da take tsinta a faranti.

Tsohon ya ce ya gode, Allah ya yi masa albarka. Sannan ya tambaya, “Na sauran mutane fa, nawa a buhu?”

Dogo ya ce hamsin.

“Ashe ka san na kirki,” in ji uban. “Ka san wanda za ka sa uwarka a ciki. Waɗancan ma uwayen wasu ne. Ranar da ka buga wa kowa talatin, ko ɗaki ɗaya ka gina zan shiga da rawa.”

Dogo ya ce in ya yi haka filinsa ba zai kai wata uku ba, kuma akwai mutum goma sha biyu da suke ci a ƙarƙashinsa. Uban ya ce ya sani. Dogo ya ce to uwarsa fa, ita ma sai ta mutu a haya saboda taurin kan wani? Ya tashi, ya ajiye wa uwar leda a gefen tabarma, ya fita. Ita ta bi shi har ƙofar gida, ta daɗe ba ta dawo ba.

Da muka rage mu biyu na ce masa ya yi wauta. Na ce ko don matar nan ya karɓa. Ya ce wataƙila ina da gaskiya, shi ma kansa yana tambayar Ubangiji ko gaskiya ce yake riƙe da ita ko girman kai, kuma bai ji amsa ba tukuna. Na tambaye shi ko yana nadamar shekarun nan.

“Na ci, na sha, na yi aikin da ba na jin kunyarsa. Allah bai bar ni da yunwa ko kwana ɗaya ba. Na ƙoshi, Mai Cokali.” Sannan ya ce, “Ɗana ne kawai yake damuna.”

Ba zan yi wa masu karatu ƙarya in ce abin ya ƙare da daɗi ba. Filin bakin gari ciyawa ce a ciki. Matar ba za ta sami tagarta ba. Yaran da suke koyon sana'ar yanzu ba su taɓa jin an ce talatin ba, in ka faɗa musu dariya suke yi. Ni kaina na ɗora katangu da bulon da na san ba shi da kyau, don mai gini ya ce shi ya saya, ni kuma ina da bakunan ciyarwa. Ban kai mutumin nan ba.

Mai Bulo, na gode. Na gode a madadin gwauruwar nan da 'ya'yanta, da duk waɗanda suke barci lafiya a ɗakunan da ba su san wanda ya buga bulonsu ba. Ubangijin da ka yi wa aiki ya sauƙaƙa maka kafaɗa, ya sanyaya zuciyar matarka, ya juyo maka da ɗanka tun kana da rai.

Ku kuma masu sana'a, duk wanda aikinsa yake da cikin da mai saye ba ya gani, tela ne, makaniki ne, mai haɗa magani ne, ga mutum nan, ku bi sawunsa. Amma ku sani tun yanzu, ba lallai a ba ku komai a nan ba. Shekarata saba'in da shida, mutum ɗaya na gani ya yi haka har ƙarshe. Ina so in ga na biyu kafin a rufe ni.